Git: Dalilin da ya sa sauya saiti guda ɗaya ya ɗauki kusan shekara biyu

Git manhaja ce da masu rubuta manhajoji ke adana tarihin aikinsu da ita: wa ya sauya me, kuma yaushe. Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro ta a 2005 domin aikin Linux, kafin Junio Hamano ya karɓi ragamarta a shekarar. Da gajerun umarni ake sarrafa ta, kuma duk abin da mutum bai fayyace ba, ita ke yanke masa hukunci. Wannan hukuncin shi ake kira saitin asali.

Umarni ɗaya, rassa da yawa

A Git, aiki kan rabu zuwa rassa, kowane da gyare-gyarensa. Kafin 2014, idan aka rubuta `git push` kawai, manhajar takan aika duk rassan da sunayensu suka dace da na babbar ma'ajiya, har da waɗanda ba a kammala ba. Idan kuwa aka haɗa da `--force`, tsohon kwafin da ke kwamfutar mutum ɗaya na iya danne sabon aikin abokansa a rassan da bai ma duba ba.

Masu kula da Git ba su sauya wannan dare ɗaya ba. A 2012 suka fito da tsarin `simple`, mai aika reshen da ake kai kaɗai, suka kuma sa manhajar ta riƙa gargaɗi. Sai a watan Mayun 2014, da fitowar Git 2.0, ya zama saitin asali. Dalilin jinkirin shi ne mutane da kamfanoni sun riga sun gina ayyukansu a kan tsohuwar ɗabi'ar, kuma sauyin ba-zata zai wargaza su.

A fitowar ce kuma aka daidaita `git add -u`. A da, foldar da mutum yake ciki kawai yake kamawa, alhali `git commit -a` na kama aikin gaba ɗaya. Wanda ya saba da ɗaya, ɗayan kan yaudare shi.

Inda siyasa ta shigo

A 2020, bayan zanga-zangar kisan George Floyd a Amurka, muhawara ta zafafa kan sunan babban reshe, `master`, wanda wasu ke dangantawa da bauta. GitHub ya koma `main` ga sababbin ma'ajiyoyi a watan Oktoba. Ita kuwa Git ta bar `master`, amma tun daga fitowa ta 2.28 ta ba kowa damar zaɓar sunan da yake so. Sakamakon haka, ɗan koyo kan tarar da suna ɗaya a kwamfutarsa, wani daban a GitHub.

Mutane ƙalilan ne ke taɓa saitin asali, don haka wanda ya tsara shi ya yanke wa miliyoyi hukunci. Shi ya sa Git ke sanar da manyan sauye-sauye tun da wuri, tana kuma barin hanyar komawa tsohon tsari ga mai buƙata.