Maraƙin Zinare da Dajin Birnin Gwari

Idan aka ambaci bautar gumaka, abin da yakan zo wa mai sauraro shi ne wani dutse ko sassaƙen icce da mutanen da can suke yi wa yanka. Sai ya ce ai wannan tarihi ne, mu mun wuce nan. Amma wanda ya bibiyi gargaɗin annabawan Bani Isra'ila zai ga cewa a wurinsu al'ummar da ta juya wa Allah baya tana da alamomin da ake gane ta da su a kasuwa da kotu da fada: ƙwace gonar talaka, cin hanci, shaidar zur da zubar da jini.

Labarin ya faro tun zamanin Annabi Musa (AS). Ya tafi ganawa da Ubangijinsa a kan dutse, kafin ya dawo an narka kayan ado an ƙera maraƙi ana bauta masa. Suratu Ɗaha ta kawo labarin har da sunan Samiri, littafin Fitowa na Attaura ma ya kawo shi. Bayan rasuwar Annabi Sulaiman (AS), wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mulkin ya rabu biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu. Sarkin arewa, Yerobowam, ya ji tsoron kada mutanensa su riƙa zuwa ibada Urushalima zukatansu su koma ga sarkin kudu, sai ya kafa maruƙan zinare biyu, ɗaya a Betel, ɗaya a Dan. Tsoron rasa sarauta ne ya haifi waɗannan gumaka.

A zamanin Sarki Ahab da matarsa Yezebel, 'yar sarkin Sidon, bautar gunkin Ba'al ta samu gindin zama a fada. Annabi Ilyas (AS), wanda Kiristoci ke kira Iliya, ya tsaya musu, kuma Suratus Saffat ta ambaci wannan gargaɗi nasa. A wannan fadar ce aka yi sha'awar gonar inabin wani mutum mai suna Nabot. Da ya ƙi sayar da gadon iyayensa, sai aka nemo masu shaidar zur, aka jefe shi, sarki ya mallake gonar. Fadar da ta gina wa Ba'al ɗakin bauta ita ce ta kashe mai gona.

Daga baya Amos, makiyayi daga ƙauyen Tekowa, ya je Betel yana la'antar masu algus a mudu da alƙalai masu karɓar toshiya, alhali wuraren ibada cike suke da hadaya. Ba a saurare shi ba. A shekara ta 722 kafin Annabi Isa, Assuriyawa suka ci Samariya, babban birnin mulkin arewa, suka kwashe mutanenta. A kudu kuma Annabi Irmiya ya gargaɗi masu ganin cewa muddin Haikali, wato babban ɗakin ibada na Urushalima, na tsaye a garinsu babu abin da zai same su, ko da suna sata suna kisa. A shekara ta 586 kafin Annabi Isa rundunar Nebukadnezzar, wanda littattafan Musulunci ke kira Bukhtanassar, ta rushe Urushalima, ta ƙone Haikalin, ta kora jama'a zuwa Babila.

Ƙasar Hausa ma ta san irin wannan. Tarihin Kano ya ba da labarin Tsumburbura da Barbushe a Dala, ya kuma ba da labarin Dirki, wani abu da aka naɗe da fatu ana yi masa yankan shanu don tsare gari. Da Sarkin Kano Alwali ya sa aka sassare shi, sai ga Alƙur'ani a ciki. Littafin da aka saukar don a yi aiki da shi an mayar da shi abin tsafi.

Yanzu mu dubi Birnin Gwari. Allah ya hore wa yankin ƙasar noma, ga dajin Kamuku, ga zinare a ƙarƙashin ƙasa. Amma shekara da shekaru dajin, wanda ya haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja da Katsina, ya zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro, manomi sai ya biya haraji kafin ya girbe abin da ya shuka, kuma a watan Mayun 2018 an kashe sama da mutum 40 a ƙauyen Gwaska. Wanda ya ɗaura layu a ƙugu, ya rataya bindiga, yake ganin rai da mutuwa a hannunsa suke, ya riga ya samu abin bautarsa. Haka ɗan gari da ke tsegunta wa 'yan bindiga gidan maƙwabcinsa don a ba shi kaso, da dillalin shanun sata, da mai kai makamai, da jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan akwai kuskuren da ya kamata a kiyaye. Wasu sukan ce wa mutanen da aka kora daga ƙauyukansu wai zunubinsu ne ya jawo musu. Wannan ƙarin zalunci ne. Nabot bai yi laifin komai ba, kuma Ilyas bai je gidan mamacin ya yi wa iyalinsa faɗa ba, sarki ya tunkara. Annabawan nan da masu ƙarfi suka fi yi: sarakuna, alƙalai, attajirai da malaman da ke gaya wa fada abin da take son ji.

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta daɗe a rufe. Abin murna ne, amma tuban da annabawa suka nema yana da sharaɗi: a daina ɓarnar, a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Don haka kira ga hukuma ta tabbatar manomi ya koma gonarsa ba tare da biyan kowa ba, ta kuma kula da marayu da zawarawan da rikicin ya bari. Kira ga malamai da fastoci su faɗi gaskiya ko wa za ta taɓa. Kai kuma mai karatu, duk dukiyar da ka san da jinin wani a jikinta, kada ka saya, kada ka sayar, kada ka ɓoye mai ita.