Lemo ma yana da kakarsa: yaushe za ka sara, yaushe za ka dakata?

Tambayar da 'yan kasuwar kan iyaka suka fi aiko mana ita ce: me ya sa buhun lemon da ake rangwamensa a hunturu yake gagarar mutum da bazara? To, amsar tana can gonar da lemon ya fito.

Yawancin lemon zaƙin da kake gani a kasuwannin Jibiya, Maraɗi, Illela, Ƙonni da Damagaram daga kudu yake tasowa, musamman jihar Binuwai, yankunan Gboko, Ushongo da Konshisha. Da yawa daga ciki sai ya sauka kasuwar 'Yan Lemo ta Kano kafin ya nufo iyaka. A Binuwai ruwa kan sauka tun wajen Afrilu, kuma ruwan farko shi ke sa bishiyar lemo ta yi fure. Daga fure zuwa nuna ana ɗaukar wata bakwai ko fiye. Lissafa da kanka: ka ga ya faɗo cikin kaka da hunturu ke nan. Shi ya sa daga Nuwamba zuwa Janairu lemo ke cika kasuwa, farashi ya sauko.

Amma fa ba duka iri ke nuna rana ɗaya ba. Wanda ake ce wa Ibadan Sweet da kuma Washintan, mai alamar cibiya a ƙasansa, suna cikin masu fara shigowa. Washintan ba ya da 'ya'ya sosai, yana da daɗin ɓarewa, masu sayen ɗai-ɗai na son sa. Balansiya kuwa shi ne ɗan auta. Yana jinkirin nuna, yana jure zama a kan bishiya, ga ruwa da yawa. Shi ke riƙe kasuwa bayan sauran sun ƙare, har zuwa farkon zafi. Tanjarin kakarsa gajera ce, ɓawonsa ba ƙwari, kwana kaɗan ya yi laushi. In ba ka da masu saye a hannu, kada ka loda shi da yawa. Lemon tsami ana samunsa kusan duk shekara, sai dai ya fi yawa da damina, ya yi tsada da bazara.

Nijar ma tana da nata. Akwai lambunan Gaya a gaɓar Kwara, akwai kuma Timiya a cikin duwatsun Abzin, arewa da Agadas, inda ake ban-ruwa ana samun lemon zaƙi, tanjarin da garehul a lokacin sanyi.

Ga wani abu da ke ruɗin masu saye. Lemon Timiya kan yi launi mai kyau, na Binuwai kuwa sau da yawa kore yake zuwa, sai mutum ya ce ɗanye ne. Ba haka ba ne. Sanyin dare ne ke juya launin ɓawo, can kudu kuwa dare ba ya yin sanyi kamar na dutse. Kuma ka riƙe wannan: lemo ba ayaba ba ne, ba mangwaro ba ne. In aka tsinke shi, zaƙinsa ya tsaya ke nan, ko wata za ka ajiye shi. Don haka kafin ka biya, yanka ɗaya daga tsakiyar buhu ka ɗanɗana. Ɗauki wani ka ji nauyinsa, mai nauyi shi ne mai ruwa.

Sai batun azumi. Kowace shekara yana matsowa gaba da kwana 10 ko 11. A 2026 ya kama Fabrairu da Maris, lokacin Balansiya. A shekaru masu zuwa zai riƙa shiga tsakiyar kakar lemo, wato kaya da yawa, masu saye da yawa. Wanda ya ɓoye kaya yana jiran tsada na iya tashi da ruɓaɓɓe.

Wajen lodi, kada ka zuba lemo jiƙe, kada ka rufe shi da leda cikin rana. Buhun da iska ke shiga ya fi. Ka sa kwanakin jira a bakin iyaka cikin lissafinka, don lemo ba ya jiran takarda. Da ka sauke, zazzage ka tsince duk wanda ya fara fumfuna, ɗaya na iya ɓata buhu.

Ku kuma 'yan'uwa makiyaya, ɓawon lemo abinci ne ga shanu da awaki. A shanya shi ya bushe, a fara ba su kaɗan-kaɗan haɗe da harawa ko dusa, amma ban da mai fumfuna. In kiwo ya kai ku kusa da lambu, a janye dabbobi. Dashen lemo kan yi shekara uku ko fiye kafin ya fara haihuwa, akuya kuwa cikin yini ɗaya za ta gama da shi.

Allah ya ba da kasuwa, ya kiyaye hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.