Kashe Gobara Ba Tare Da Ruwa Ba

Hunturu ya kan zo da gobara. Mu da ke Minanata ba mu manta da wutar da ta cinye babban ɓangare na Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairu 2021 ba. Wasu dattawan ikilisiya sun tambaye mu game da na'urar da ke kashe wuta da iskar gas, ko za ta dace da majami'unmu.

Kamar yadda tukunya ke zama a kan duwatsun murhu uku, haka wuta ke bukatar abu uku: abin da za ta ci, zafi, da iskar oksijin. A cire ɗaya, sai ta mutu.

A bankuna da ɗakunan kwamfuta, inda ruwa zai lalata kaya, ana jera tukwanen ƙarfe cike da gas, a haɗa su da bututu zuwa rufin ɗaki. Da na'ura ta ji hayaƙi, sai ƙararrawa ta kaɗa domin mutane su fita, sa'an nan gas ɗin ya cika ɗakin. Oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iskar da muke shaƙa. Wani gas, kamar naitirojin, ya kan rage shi zuwa ƙasa da kashi 15, wuta ta shaƙe. Wani kuma, mai suna FM-200, zafin yake tsotsewa, yana fita cikin daƙiƙa 10. A dā ana amfani da Halon, amma yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kai ga daina yin sa, domin yana ɓata rufin sararin sama da ke tare mana zafin hasken rana mai cutarwa.

Shin ya dace da mu? A'a. Yana da tsada, kuma sai ɗakin da ke rufe ruf. Majami'unmu da rumbunanmu iska na ratsa su ta ko'ina. Irin mai iskar CO2 kuwa yana iya kashe mutumin da ya rage a ciki.

Amma dabarar tamu ce: a hana wuta iska.

1. Kowace ikilisiya ta ajiye bokitin yashi biyu kusa da janareta.
2. In da hali, a sayi jar tukunyar kashe gobara ta hannu, a koya wa matasa amfani da ita.
3. Kada a zuba ruwa a wutar fetur, ko ta lantarki, ko ta man suya. 'Yan zumuntar mata, in mai ya kama, ku rufe tukunyar da murfi.
4. A kashe janareta, ya huce, kafin a ƙara mai.
5. Rajistar baftisma da ta aure su zauna cikin akwatin ƙarfe, nesa da fetur.

In wuta ta fi ƙarfinku, ku fitar da yara da tsofaffi tukuna. Ana sake gina ɗaki, ba a sake sayen rai. Muna roƙon fastoci su karanta wannan a sanarwar ranar Lahadi. Ubangiji ya kiyaye mu duka.