Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Kwalejin Katsina: Asalinta da Makomarta

A Amurka ɗaliban kwaleji sun daɗe suna kafa ƙungiyoyin 'yan'uwantaka, tun daga Phi Beta Kappa ta 1776. A Ibadan ma, Wole Soyinka da abokansa shida sun kafa tasu a 1952. Amma a Arewa abin ya biyo wata hanya dabam, domin a nan zumuncin makaranta shi ne ya fara haɗa kan 'yan boko kafin a san jam'iyya.

Tushen maganar shi ne Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malamai. A zamanin nan yaron da ya fito daga ƙasar Gwarzo ko Kabo, in ya yi sa'a ya gama elementare, sai Midil ta Kano. Daga cikin 'yan Midil kuwa ƙalilan ne ake tsamowa zuwa kwaleji. A can ne Bakano zai kwana ɗaki guda da Basakkwace da Babarbare da mutumin Adamawa, su ci tuwo tare, su sha horo tare. Kowa ya zo da sunan lardinsa, amma ya koma gida da sanin cewa akwai wani abu wai shi Arewa. Wannan kuwa ba ya cikin manhajar da Turawa suka tsara.

An mai da kwalejin Kaduna a 1938, a 1939 kuma tsofaffin ɗalibanta suka kafa ƙungiyarsu. Ba ta yi nisan kwana ba. Cikin 'yan shekaru kaɗan ta yi sanyi. Dalili a fili yake. Yawancin 'ya'yanta ma'aikatan En'e ne, abincinsu na hannun sarki, ga shi kuma waɗansu sarakuna da Turawan mulki ba su saki jiki da taron samari masu jin Turanci ba. Malamin da ke tsoron a raba shi da aikinsa ba ya ɗaga murya.

To, amma zumuncin bai mutu ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano, dukansu 'ya'yan kwalejin, sun sake haɗuwa a taron tattaunawa na Bauchi tare da Sa'adu Zungur, daga bisani kuma 'yan wannan makaranta suka cika Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Aminu ya bi NEPU, Abubakar da Ahmadu Bello suka riƙe NPC. Kwalejin ta koma Zariya a 1949, aka raɗa mata suna Barewa a 1971, ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta ta yanzu kuwa ita ake kira BOBA.