Rumbunan Bayanai na Legas: Ga Kasuwa, Ina Wuta?

Idan ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ke Kano ya miƙa wa mai POS katinsa, kafin 'yar takardar nan ta fito daga na'ura, saƙon ya riga ya yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa kudu ya dawo. Galibi yakan sauka ne a wani gini marar tagogi a Ikeja ko Lekki ko Victoria Island, inda aka jera manyan kwamfutoci sahu-sahu a cikin kabad-kabad na ƙarfe, sanyi na busa su dare da rana. Shi ake kira cibiyar adana bayanai. Ni na fi son in ce masa rumbu. Banki da kamfanin waya da ma'aikatar gwamnati, kowa ya kama hayar gurbi ya zuba hatsinsa, mai rumbu kuma ya ɗauki alkawarin wuta ba za ta ɗauke ba, zafi ba zai shiga ba, ɓarawo ba zai kusanto ba.

Teku ne ya kawo wa Legas wannan kasuwa. Kafin 2010 babbar wayar ƙarƙashin teku guda ɗaya ce tilo ke ɗauko wa Najeriya intanet, wato SAT-3, tana hannun NITEL, farashinta kuwa sai mai ƙarfi. A wannan shekara MainOne, kamfanin da Funke Opeke ta kafa, ya jawo tasa wayar daga Fotugal, Glo-1 ita ma ta fara aiki, WACS ta biyo baya a 2012. Da wayoyi suka yawaita farashi ya karye, sai masu gina rumbuna suka biyo sawu: Rack Centre ya buɗe a Oregun a 2013, MainOne ya buɗe nasa a Lekki a 2015.

Kuɗin waje na gaske sun fara kwararowa daga 2020, lokacin da Actis na Birtaniya ya sayi kaso mafi tsoka a Rack Centre. Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne cinikin Equinix na Amurka, da ya saye MainOne ɗungurungum kan dala miliyan 320, aka kammala a 2022, shekarar da wayar Equiano ta Google ta sauka a Legas. Airtel ya aza harsashin nasa a Eko Atlantic a 2024, MTN ya buɗe kashin farko na cibiyar Dabengwa a Ikeja a 2025. Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya kora zuwa tura kuɗi ta waya, da yawansu ba su koma ba. Tun 2013 kuma hukumar NITDA ta shar'anta cewa bayanan gwamnati a cikin gida za a ajiye su, sannan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa kamfanoni sun fara tunani kafin su fitar da bayanan abokan cinikinsu ƙetare.

To amma duk wanda ya leƙa bayan irin wannan gini zai ga inda gizo ke saƙar. Janareto ne manya-manya, kowanne ya kai girman kwantena, an jera su da ƙari a kan abin da ake buƙata saboda ko ɗaya zai yi gardama. Ga tankunan dizal, ga ɗaki guda cike da batura waɗanda aikinsu kawai su riƙe kwamfutocin na 'yan daƙiƙun da janareto ke ɗauka kafin ya tashi. Ma'aunin da yawancin manyan cibiyoyin Legas ke tinƙaho da shi, wanda ake kira mataki na uku, ana lissafa shi da tsayawar da ba ta kai awa biyu ba a shekara. Awa biyu, a ƙasar da babban layin wutarta ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai, kuma abin da yake rarraba wa mutum sama da miliyan 200 yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Cibiya ɗaya mai megawat 10 tana shan abin da dubban gidaje za su sha. Zafin Legas da laimarta kuma suna sa wani kaso mai yawa na wutar ya tafi wajen sanyaya na'urori kawai.

Saboda haka mai gina rumbu a Legas sai ya fara zama kamfanin wuta tukuna. Da aka ɗaga kuɗin wutar kwastomomin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, ninki uku na abin da ake biya da, ga dizal ya haura naira dubu a lita, wasu sun juya zuwa tashoshin kansu masu aiki da iskar gas. Dokar wuta ta 2023 da ta ba jihohi damar kafa kasuwar lantarkinsu ta buɗe wata ƙofa, sai dai doka ba ta shimfiɗa bututu.

Dala ita ce ƙaya ta biyu, kuma kaifi biyu gare ta. Bayan an saki naira a Yunin 2023, farashin dala ɗaya ya tashi daga wajen naira 460 ya wuce 1,500 cikin watanni. Kamfanonin da ke biyan Amazon ko Microsoft da dala suka fara neman gurbi a gida, abin da ya yi wa masu rumbu daɗi. Amma su ma kusan komai nasu daga waje yake zuwa, tun daga na'urar sanyi har batir, bashin da suka ci na dala ne, abokin ciniki kuma naira yake kamawa. Ina jin wannan, haɗe da wutar, shi ya sa manyan giwayen suka zaɓi Afirka ta Kudu: Microsoft ya kafa cikakken sansaninsa a can a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. Legas ƙaramin reshe ta samu daga Amazon.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke a gaɓar tekun Kodebuwa. Manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa, mutane suka yi cirko-cirko gaban masu POS. Ranar ta nuna amfanin ajiye bayanai a gida, domin saƙon da bai ƙetare teku ba bai damu da wayar da ta yanke ba. Ta kuma tuna mana abin da ba a cika faɗa ba: kusan duk rumbunan ƙasar nan a gari ɗaya suke, da yawansu a Lekki da Victoria Island, ƙasa mai kwari da ambaliya ta san hanyarta.

Daga Legas zuwa cikin ƙasa kuwa wata wahalar ce. An daɗe da amincewa a kan naira 145 kowace mita a matsayin kuɗin haƙa wa waya hanya, amma jihohi da dama sun ci gaba da karɓar abin da suka ga dama, masu aikin titi kuma suna sare wayar kullum. Kada kuma gwamnoni su ɗauka rumbu masaƙa ce mai ɗaukar dubban ma'aikata. Da an gama gini, 'yan injiniyoyi da masu gadi ne ke saura. Ribarsa tana cikin sana'o'in da ke tsirowa a kansa.

Arewa tana da abin farawa. Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya ya buɗe cibiya a Kano a 2023, ga rana a wadace, ga fili. Amma mai zuba jari zai tuna Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu sama da mako guda. Zai kuma tambayi labarin bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa tun 2020. Har sai gas ɗin nan ya iso kuma wayar ta daina yankewa a hanya, saƙon ɗan Kwari zai ci gaba da zuwa Legas yana dawowa.