BABI NA UKU: HORO DA SANA'AR JAGORAN ƘUNGIYAR MAKAƊAN ƊALIBAI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan mutumin da ke tsayawa gaban ƙungiyar makaɗan ɗalibai irin ta Turawa, wato okestira, yana ba su umarni da hannu. Za a duba aikinsa, da hanyoyin da ake bi wajen horar da shi, da kuma matakan da yakan taka a sana'arsa. An ɗauki ƙasar Benezuwela a matsayin babban misali, saboda a can ne aka mayar da ƙungiyar ɗalibai ta zama makarantar jagorori.

3.1 Aikin Jagoran Makaɗa

A ƙasar Hausa shugaban makaɗa shi ne mai waƙa, sau da yawa kuma da abin kiɗa a hannunsa. Jagoran okestira ya sha bamban da wannan, domin ba ya fitar da sauti ko ɗaya. Babbar ƙungiya takan ƙunshi mutum 80 zuwa 100, an kasa su gida huɗu: masu kayan tsirkiya irin su gogen Turawa, da masu busa kayan itace, da masu busa kayan tagulla, sai masu ganguna da sauran kayan bugawa. Kowane makaɗi layin kiɗansa kawai yake gani a takarda. Jagora ne kaɗai ke riƙe da kundin da ya haɗa dukkan layukan.

Hannun dama, wanda ke riƙe da ɗan siririn sanda, shi ke nuna saurin kiɗa da ƙirgensa. Idan kiɗan mai bugu huɗu ne, sandan zai yi ƙasa, ya yi hagu, ya yi dama, sannan ya koma sama. Hannun hagu kuwa shi ke nuna wanda zai shigo, da inda za a ɗaga sauti ko a sassauta. A ƙungiyar ɗalibai akwai ƙarin nauyi, domin jagora malami ne. Ƙwararrun makaɗa sukan gyara kuskurensu da kansu, amma ɗalibi sai an tsaya an nuna masa inda yatsansa ya kauce, an kuma zaɓa masa kiɗan da bai fi ƙarfinsa ba.

3.2 Matsalar Horo

Mai koyon goge yana iya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya yi ta maimaici har hannunsa ya faɗa. Mai koyon jagoranci ba shi da wannan dama, saboda mutane ne kayan kiɗansa. Tara mutum sittin ko tamanin don ɗalibi ɗaya ya gwada hannunsa abu ne mai tsada. Dalili ke nan da ya sa a makarantun kiɗa da yawa akan sa ɗalibi ya jagoranci masu fiyano biyu a madadin ƙungiya. Illar wannan ita ce fiyano ba ya numfashi kamar mai busa, ba ya kuma jan baka kamar mai goge, don haka ɗalibi ba zai san ko hannunsa na isar da saƙo ba.

Farfesa Jorma Panula na Makarantar Sibelius da ke Helsinki a ƙasar Finlan, wanda ya koyar daga 1973 zuwa farkon shekarun 1990, ya magance matsalar ta hanyar samar wa ajinsa ƙaramar ƙungiyar makaɗa ta ɗalibai. Akan ɗauki kowane gwaji a bidiyo, sannan a zauna a duba kurakurai. Ya kuma fi son ɗaukar waɗanda suka taɓa zama cikin ƙungiya a matsayin makaɗa. Daga ajinsa aka sami Esa-Pekka Salonen mai busa ƙaho, da Jukka-Pekka Saraste da Sakari Oramo masu goge, da Osmo Vänskä mai busa kalarinet.

3.3 Misalin Benezuwela

A shekarar 1975 José Antonio Abreu, masanin tattalin arziki kuma makaɗi, ya kira matasa zuwa gwajin kiɗa a wani garejin motoci a birnin Karakas. Mutum 11 kawai suka zo. Daga nan ne aka fara tsarin da ake kira El Sistema, wanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, yara kuma suke koyo kyauta a cibiyoyi da ke unguwanni. Da cibiyoyi suka yawaita, sai aka rasa isassun malamai, don haka na gaba ya riƙa koyar da na baya. Ta haka ne matashi yakan sami kansa a gaban ƙungiya tun bai kai shekara ashirin ba, ya riƙa jagoranci kusan kullum.

Gustavo Dudamel, wanda aka haifa a Barquisimeto a 1981, ya fara ne da goge. Ya soma koyon jagoranci a 1995 wajen Rodolfo Saglimbeni, daga baya Abreu ya ɗauke shi. A 1999, yana da shekara 18, aka naɗa shi daraktan kiɗa na ƙungiyar matasa ta Simón Bolívar. A 2004 ya lashe gasar jagorori ta Gustav Mahler a birnin Bamberg na Jamus. Daga nan ya riƙe ƙungiyar Gothenburg ta Suwidin daga 2007 zuwa 2012, ya kama aiki da ta Los Angeles a 2009, sannan a 2023 aka sanar da cewa zai koma ta New York daga 2026. Shi ma Rafael Payare, wanda ya kasance babban mai busa ƙaho a ƙungiyar Simón Bolívar, ya koyi jagoranci wajen Abreu, ya lashe gasar Malko a Denmak a 2012, ya kuma zama daraktan ƙungiyar San Diego a 2019 da ta Montreal a 2022.

3.4 Matakan Sana'a da Haɗarinta

Idan aka dubi waɗannan misalai za a ga matakai huɗu: zama makaɗi cikin ƙungiya, da barantaka wajen gogaggen malami, da riƙe ƙungiyar ɗalibai, sai gasa wadda ke buɗe ƙofar manyan ƙungiyoyi. Sai dai kaɗan ne ke kai wa mataki na huɗu. Mafi yawan jagorori a makarantu da jami'o'i suke ƙare aikinsu, kuma su ne ke renon makaɗan gobe. Akwai kuma manya da suka komo ga matasa da kansu, kamar Claudio Abbado na Italiya wanda ya kafa ƙungiyar matasa ta Gustav Mahler a 1986.

Tsarin Benezuwela bai tsira daga suka ba. Geoffrey Baker, wani mai bincike ɗan Ingila, a littafinsa na 2014 ya nuna cewa iko ya taru a hannun mutum ɗaya, kuma ɗaukakar matashi ta danganta ne ga yardar maigida. Dogaro ga gwamnati ma ya zo da tasa matsalar. A watan Mayu na 2017, bayan an kashe wani matashin makaɗi na El Sistema a zanga-zangar Karakas, Dudamel ya fito ya soki gwamnati. A watan Agusta sai aka soke tafiyar da zai yi da ƙungiyar matasa ta ƙasa zuwa Amurka. Ɗaliban da suka shafe watanni suna gwaji su ne suka yi asara. Abreu ya rasu a 2018.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ba a koyon jagorancin makaɗa sai da makaɗa a gaba. Saboda haka ƙungiyar ɗalibai aiki biyu take yi: tana koyar da yara kiɗa, tana kuma koyar da wanda ke tsaye gabansu. An kuma ga cewa duk inda horo ya rataya a wuyan malami ɗaya ko baitulmalin gwamnati, makomar jagora da ta ɗalibansa tana hannun wasu. Babi na gaba zai duba yadda ake gudanar da zaman gwaji.