Dutsen Kamaru: Inda gajimare ke da ta cewa

A kudu maso yammacin ƙasar Kamaru, dab da gaɓar tekun Atlantika, akwai wani dutse mai aman wuta da tsayinsa ya haura mita 4,000, wanda ya ɗara duk wani dutse da ke Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Ana kiran ƙololuwarsa Fako, kuma a gindinsa garin Buea yake, inda Jamusawa suka kafa hedkwatar mulkinsu a 1901. Sai dai baƙo kan yi kwanaki a garin bai ga kan dutsen ba, domin gajimare ya lulluɓe shi.

Dalili kuwa shi ne iska mai laima da ke tasowa daga teku, wadda da zarar ta ci karo da dutsen sai ta yi sama, ta yi sanyi, ta zama gajimare. Shi ya sa ƙauyen Debundscha da ke ɓangaren teku ke samun ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara, wato kimanin ninki goma na abin da Kano ke samu.

Galibin masu yawon buɗe ido kan yi kwana biyu ko uku kafin su hau su sauko. Wanda ya ce a yini ɗaya zai yi, to wajibi ne ya tashi tun kafin asuba tare da ɗan jagora, domin hawan da ke gabansa ya kai mita 3,000. Da farko zai ratsa gonaki, sannan kurmi mai duhu da santsi har zuwa bukkar hutawa ta farko. Daga nan itatuwa kan ƙare, a shiga fili mai ciyawa da tudu miƙaƙƙe, kafin a tarar da baƙaƙen duwatsu da toka, shaidar aman wutar da dutsen ya sha yi, kamar na 1999 da 2000.

A wannan fili ne gajimare ke nuna ikonsa. Cikin 'yan mintoci sai ya sauko ya rufe hanya, har mutum ya kasa ganin abokin tafiyarsa da ke gabansa, ga kuma duwatsun duk kamarsu ɗaya. Sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri shida a kowace mita 1,000, ta yadda wanda ya baro Buea yana gumi zai iso sama haƙoransa na kaɗawa, musamman idan rigarsa ta jiƙe. Ƙarancin iskar shaƙa kuma kan kawo ciwon kai da jiri. Shi ya sa masu hankali kan tsayar da lokacin juyawa tun daga ƙasa, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, saboda saukowa a gajiye cikin duhu ta fi hawan haɗari.

Akwai dai waɗanda tafiyar ba ta yi musu nisa. Tun 1973 ake gasar tsere zuwa ƙololuwar da dawowa, tazarar kusan kilomita 38, wadda gwanaye ke kammalawa cikin sa'o'i huɗu da rabi, kuma wata mata, Sarah Etonge, ta lashe ta sau bakwai. Amma rikicin da ya ɓarke a yankunan masu magana da Turancin Ingilishi a 2016 ya shafi harkar, har wasu abubuwa suka fashe suka jikkata mutane a gasar 2023.

Mai niyyar zuwa sai ya bincika halin tsaro, ya zaɓi watannin rani daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya tanadi ruwan sha da rigar sanyi da tocila. Ko da hakan, zai iya isa Fako bai ga komai ba sai farin hazo, maimakon teku da tsibirin Bioko. Idan kuwa jagora ya ce a juya alhali ƙololuwa na kusa, a juya ɗin, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.